Tambayoyi da amsoshi kan hasken EUV da ake fitarwa daga filasmar gas

Jama'a, duk lokacin da aka tada maganar injinan buga cip na kwamfuta da na waya masu aiki da hasken EUV, wato ultrabayolet mai gajeren zango sosai, sai ka ji an ce "leza ce ke harbin ɗigon kuza", shi kenan an rufe magana, kamar dama can hanya ɗaya ce tal. Alhali akwai wata hanyar da ta daɗe tana gaba a tseren nan, wato a saki wutar lantarki mai ƙarfi kai tsaye cikin gas har ya koma filasma, wato gas mai tsananin zafi da ke ɗaukar wuta, ya yi haske, wadda masana ke taƙaitawa da DPP. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai shi EUV ɗin nan ba shi ne hasken rana mai ƙona fata ba?

A'a, ɗan'uwansa ne dai amma na nesa. Shi haske ana auna shi da tsawon zangonsa, kamar dai yadda ake cewa gajeren zango da matsakaicin zango a rediyo, sai dai a nan ba mita ake lissafi da ita ba, nanomita ce, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya. Wanda ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Mai ƙona fata yana wajen 300. Shi kuma EUV ya faro ne daga wajen 120 ya gangara har 10, daga nan sai a shiga yankin hasken eksire. Rana tana fitar da shi sosai, amma ba ya iso mu, iskar sama ce ke shanye shi tun can, shi ya sa masu son ɗaukar hoton rana da shi sai sun harba tauraron ɗan'adam.

Kuma wannan shanyewar ita ce tushen duk wahalar. Iska tana shanye shi, ko santimita ɗaya ba ya yi a iskar da muke shaƙa, gilashi yana shanye shi, ruwa ma haka, takarda ma haka. Don haka komai sai a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska.

Me ya sa a injinan buga cip kullum nanomita 13.5 ake cewa, ba 13 ko 15 ba?

Madubi ne ya zaɓa, ba fitila ba. Tunda gilashi ba ya barinsa ya wuce babu maganar lens, wato gilashin tattara haske, sai madubi, kuma madubin da muka sani shi ma shanye shi yake yi. Dabarar da aka samu ita ce a jera siraran shimfiɗu na molibdenom da silikon, ɗaya kan ɗaya, sau 40 zuwa 50, kowane biyu kaurinsu bai kai nanomita 7 ba, kowace shimfiɗa ta maido ɗan kaɗan, su haɗu su yi yawa. Irin wannan madubin a kusa da 13.5 ya fi aiki, yana maido kusan kashi 70 cikin 100. In ka sauka ƙasa da 12.4 silikon ɗin da kansa zai fara cinye hasken. To sai aka ce wa masu ƙera fitila ga lambar nan ku nemo abin da zai ba da ita, kuma ba a karɓar komai sai wanda ya faɗo cikin ɗan siririn wuri, kashi 2 cikin 100 a kewayen 13.5 ɗin.

Ka lura da 70 ɗin nan fa. In haske ya bi ta madubi goma, abin da zai rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa ake ta kukan a ƙaro ƙarfi.

To ba sai a yi kwan fitila na musamman ba kawai?

Ai matsalar zafi ce. Duk gajartar zangon haske, duk yawan zafin da abu ke buƙata kafin ya fitar da shi. Fuskar rana wajen digiri 5,500 take, kuma hasken da ta fi bayarwa shi ne wanda muke gani. Kafin abu ya riƙa haske sosai a 13.5 sai ya haura digiri dubu 200, a aikace ma ana kai shi dubu 300 zuwa 400. Ƙarfen tongistin da ake alfahari da shi a digiri 3,422 yake narkewa. Babu wani abu mai tauri ko ruwa da zai zauna a wannan zafin, sai filasma, wato gas ɗin da aka fizge wa atam ɗinsa ilaktiron har ya koma yana ɗaukar wuta kamar waya.

Dogon kwan fitila mai farin haske shi ma filasma ce a ciki, wutar walda ma haka, walƙiya ma haka. Bambancin shi ne a kwan fitila ilaktiron ɗaya ake taɓawa a atam, a nan kuwa sai an fizge wajen goma daga kowane atam.

Yanzu dai a yi min bayani dalla-dalla, yaya ake yi?

Yawwa, nan ne wurin da ya fi daɗi. Ka ɗauka akwai ƙarafa biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu 'yan milimitoci, su ake kira ilaktirod. An zuƙe iskar wurin, an saki gas ɗan mitsitsi, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar da muke ciki. A gefe akwai kafasita, wato na'urar tara wutar lantarki, ana cika ta da wuta har bolt dubu kaɗan. Abin da aka tara ɗin ba wani yawa gare shi ba, 'yan jul ne, bai isa ya ɗumama ruwa cokali ɗaya yadda za ka ji ba. Sirrin yana wajen saurin sakinsa: gaba ɗaya ake juye shi cikin nanosakan ɗari ko ɗari da wani abu, sai ka ga wutar da ke ratsa gas ɗin ta haura amfiya dubu goma.

Da farko gas ɗin ya ɓalle ya fara ɗaukar wuta, ya zama wani ɗan ginshiƙi mai faɗi, mai ɗumi-ɗumi kawai. To duk inda wuta ke gudu tana yin maganaɗisu a kewayenta, kuma wayoyi biyu da wuta ke bi ta fuska ɗaya jan juna suke yi, wannan tun a sakandare ake koyar da shi. Ka ɗauki ginshiƙin filasmar nan a matsayin wayoyi dubbai a jere, kowace tana jan 'yar'uwarta, sai gaba ɗayansu su rufta tsakiya da gudu na fitar hankali, su yi karo a can, ƙarfin gudun ya koma zafi, ga kuma zafin da wutar da kanta ke yi. Ginshiƙin da ya fara da faɗin milimita da yawa sai ya tsuke ya koma kamar zare, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, tsawonsa 'yan milimitoci. A wannan ɗan lokacin ne yake kai zafin da ake nema ya watso EUV, kafin ka ce kwabo ya wargaje. Sai a sake cika kafasita a sake, sau dubbai a sakan guda.

Wannan tsukewar ita ake ce wa matsin Z, saboda wutar tana bin layin da masu lissafi ke wa laƙabi da Z. Abin da ya burge ni a nan shi ne wuta ɗaya ce ke aiki uku, ita ta haifi filasmar, ita ta zafafa ta, ita kuma ta riƙe ta nesa da bango na ɗan lokaci. Babu ɗan aike a tsakani.

Wa ya ƙirƙiro wannan dabarar?

Tsawa ce ta fara nunawa. A 1905 wasu masana biyu a Ostareliya, Pollock da Barraclough, suka yi nazarin wani bututun jan ƙarfe na kariyar tsawa da aradu ta faɗa wa, suka ga ya lanƙwashe ciki kamar an matse shi da hannu, suka gane maganaɗisun wutar ce ta murƙushe shi. A 1934 Willard Bennett ya fitar da lissafin yadda abin ke faruwa a filasma. Daga baya a shekarun 1950 masu neman haɗa ƙwayoyin nukiliya don samar da lantarki suka rungumi dabarar, ta ba su wahala don filasmar ba ta zama lafiya, tana murɗewa ta tsinke. Masu EUV sun gaji ilimin, kuma su tsinkewar ba ta dame su sosai ba tunda walƙiyar ɗan lokaci kawai suke so.

Wane gas ake sawa?

Zenon aka fara da shi, don yana da tsafta, ba ya manne wa komai, in an gama da shi famfo ya zuƙe. Amma yana da wani hali mai ban haushi: mafi yawan haskensa a wajen nanomita 11 yake zubawa, inda madubin ba ya so. Wanda ke ba da 13.5 sosai iri ɗaya ne kawai, atam ɗin da ya rasa ilaktiron 10 cif. Shi ya sa in ka zuba wuta 100, abin da zai dawo maka a matsayin haske mai amfani bai cika kai 1 ba.

Kuza ta fi shi nesa ba kusa ba. A kuza, tun daga wanda ya rasa 8 har wajen 14 duk kusa da 13.5 suke haske, don haka ribar takan ninka, a samu wajen kashi 2. Litiyom ma yana da layi a daidai 13.5, an gwada shi, bai yi nisa ba.

Tsaya malam, kuza ai ƙarfe ce, ina ruwanta da gas?

Gaskiyarka. Sai an mai da ita tururi tukuna. Dabarar da ta fi shahara an ɓullo da ita ne a Aachen ta Jamus, inda kamfanin Philips ya yi aiki tare da cibiyar Fraunhofer ta fasahar leza. Maimakon ƙarafa biyu a tsaye sai aka yi ƙafafu biyu kamar na keke suna juyawa, gindin kowace a cikin kwanon narkakkiyar kuza (a digiri 232 take narkewa, ba wuya), suna fitowa da siririn shafe a bakinsu. A saman, inda ƙafafun suka kusanci juna, sai wata ƙaramar leza ta taɓa shafen, tururin kuza ya tashi ya haɗa gibin, wutar kafasita ta bi ta cikinsa, matsin ya faru. Ana kiran wannan LDP. Ka ga lezar nan ba ita ke yin hasken ba, ashana ce kawai.

Wallahi dabara ce mai kyau, don jifa ɗaya tsuntsu uku: duk harbi sabon wuri yake samu, inda ya ci ya koma cikin kwano a sake shafe shi, kuzar kuma ita ke kwashe zafi, ita ke kawo wutar ma.

Iri nawa ne ake da su?

Da yawa, a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 kowa da nasa. Akwai na siririn bututu, inda ake tilasta wutar ta bi ta rami mai faɗin milimita ɗaya ko makamancin haka, William Silfvast ya yi aiki a kansa a Florida. Akwai wanda Filippov a Tarayyar Sobiyet da Mather a Amurka suka ƙirƙiro tun tuni, mai tura filasma ta bi jikin sanda ta je ta dunƙule a kan bakinta, kamfanin Cymer na Amurka mai ƙera fitilun injinan buga cip ya taɓa bin wannan kafin ya koma leza. Sai na Aachen na farko mai rami a bayan ilaktirod, wanda ilaktiron ke taruwa a ramin su kunna wutar da kansu ba tare da wani babban makunni ba. Kamfanin XTREME technologies a Jamus shi ma ya yi nasa matsin Z ɗin, daga baya Ushio ta Japan ta mallake shi, a 2010 kuma sashen Philips ɗin ya koma hannunsu.

In yana da sauƙi haka, me ya sa manyan injina ba sa amfani da shi?

To ai ya fara shiga. Injinan gwaji biyu na farko da ASML ta ƙasar Holan, mai ƙera injinan buga cip, ta kai a 2006, ɗaya cibiyar imec a Beljiyam ɗaya Albany a Amurka, da fitilar DPP ta Philips suka yi aiki. Injin NXE:3100 da imec ta samu a 2011 ma na XTREME ne a jikinsa. Amma da aka zo maganar buga faifan silikon sama da 100 a awa, aka ce sai wat 250 na tsantsar haske a ƙofar shiga injin, nan fa aka rabu.

Mu yi lissafi na kai-tsaye, misali ne kawai don a ga girman abin. A ce ribarka kashi 2 ce, a ce kuma cikin hasken da ya fito kashi ɗaya cikin goma ne ke tsira ya kai ƙofa bayan ya ratsa matatar datti da madubin tattarawa. Kana son 250, ke nan sai ka fitar da 2,500, ke nan sai ka zuba wuta wat dubu 125. A ina? A ɗan wurin da bai fi kan yatsa ba, da ƙarafa 'yan milimitoci daga filasmar da ta fi fuskar rana zafi sau hamsin. Kusan duk wannan wutar zafi take komawa a jikin ƙarafan nan. Suna zaizayewa, suna feso ɓurɓushi, in ka ƙara yawan harbi kuma tururin harbin baya bai gama watsewa ba na gaba ya zo.

Sai wani ya ce to a ƙara girman filasmar mana, ko a jera fitilu goma. Ba ya yiwuwa yadda ake so, don madubin injin daga ɗan ƙaramin wuri kawai yake iya kwasar haske, duk abin da ya fito daga wajen wannan wurin asara ne. Ba yawan haske kaɗai ake nema ba, ana son ya fito daga ɗigo guda. Ga shi kuma su ƙarafan da kansu suna tare hanya, ba ta kowane gefe za ka kwasa ba.

Hanyar leza, LPP, ta fi tsada ta fi rikitarwa, kuma lezar kanta ɓarnar wuta take yi sosai, amma tana da abu ɗaya da DPP ba zai taɓa samu ba: filasmarta a sarari take, babu ƙarfe kusa da ita. Ɗigon kuza 50,000 a sakan, lezar kamfanin TRUMPF na Jamus tana harbinsu daga nesa, babban madubi yana kwasa. In ana son ƙari sai a ƙara ƙarfin leza, wadda ke can wani bene da na'urorin sanyayawarta. A 2013 ASML ta kammala sayen Cymer, a 2019 kuma cip ɗin da aka buga da EUV suka shiga kasuwa daga kamfanonin TSMC na Taiwan da Samsung. A ganina ba ilimi ne ya gaza wa DPP ba, kusanci ne ya ci shi, abin da ya sa shi sauƙi shi ne dai ya taka masa birki.

Wane datti ake ta magana?

Ɓurɓushin ilaktirod, tururin kuza, da iyon, wato atam ɗin da suka rasa ilaktiron, masu gudu da ke gurje duk abin da suka samu. Shafen kuza na 'yan nanomitoci ya isa ya dusashe madubi. Shi ya sa ake sa wani abu kamar fanka mai siraran ganyayen ƙarfe a gaban filasmar, haske ya wuce ta tsakaninsu tunda miƙe yake tafiya, a busa gas irin argon ya karkatar da dattin ya manne a ganyayen. Madubin tattarawar DPP ma daban yake, kwanuka ne cikin kwanuka da aka shafa wa rutiniyom, hasken yana gogar su ne a kwance ya zame, kamar dutsen da aka wurga a kan ruwa.

Ya mutu ke nan?

Ina! Aiki ya canza dai. Kafin a buga cip sai an gwada maganin da ake shafa wa faifan, sai an auna madubai, sai an duba farantin da ke ɗauke da zanen cip ɗin ko akwai tabo, kuma duba na gaskiya da 13.5 ɗin ake yi. Duk waɗannan ba sa buƙatar wat 250, suna buƙatar fitila ƙarama mai natsuwa da za ta shiga ɗakin gwaji. Nan DPP ya kafa gida. Ushio ta mai da LDP ɗinta wajen duba farantin zane. Kamfanin Energetiq na Amurka, wanda Hamamatsu ta saya a 2017, ya yi wata fitila EQ-10 mai wat 10 da zenon, wadda ba ta da ilaktirod ko ɗaya: kamar taransifoma take, filasmar ce ta zama waya ta biyu, tana zagayawa ta ratsa wani rami inda take tsukewa. Jami'o'i da yawa da irin waɗannan suke bincike maimakon su yi layin jiran sinkirotiron, wato ƙatuwar na'urar bincike mai ba da irin wannan hasken.

Af, kuma tsoffin injinan buga cip masu nanomita 193, waɗanda har yau ake aiki da su sosai, lezarsu ma da sakin wuta cikin gas ake kunna ta, argon da fulorin.

Shin hasken DPP leza ne?

A'a, fitila ce, ko'ina take watsawa, kala-kala. Amma akwai wani abu kusa: a 1994 Jorge Rocca da abokan aikinsa a jami'ar jihar Colorado sun saki wuta cikin argon a dogon siririn bututu, matsin ya yi daidai sosai har ya ba da leza ta gaske a nanomita 46.9, a na'urar da za ta zauna kan tebur.

Tunda ido ba ya gani, ta yaya ake sanin yana fita?

In ka leƙa ta tagar tukunyar za ka ga haske, amma wannan ba EUV ba ne, rakiya ce. Ana sa matata ta zirkoniyom mai kaurin nanomita 100 zuwa 200, siririya ce har iska kaɗan na iya fasa ta, tana tare hasken da ake gani ta bar EUV, sai ƙaramin madubin molibdenom da silikon ya zaɓo 13.5, sannan ya faɗa kan na'urar silikon mai mai da haske wuta a karanta.

Zan iya haɗa irinsa da kaina?

Don Allah kar ka fara. Shi EUV ɗin ma ba zai same ka ba tunda ba ya fita daga tukunya, abin tsoron kafasitar ce, bolt dubbai tana riƙe da su ko bayan an kashe soket, kuma taɓawa ɗaya ta isa. Ga hasken ultrabayolet na yau da kullum da ke biyo taga ya ƙona ido, ga yiwuwar eksire in wutar ta yi yawa, ga narkakkiyar kuza in irin ta LDP ce. A ɗakunan gwaji ma kafin kowa ya sa hannu sai an kashe, an jona sandar da ke sauke wutar kafasita zuwa ƙasa, an auna an ga sifili, sannan a kwance noti na farko.